Inda Ake Sace Iskar Taya Kafin a Hau Dutse

Taro ne ya kai ni Aislan, taro kan farfaɗo da ƙasar da zaizaya ta cinye. Mai karatu zai iya tambayar abin da ya haɗa mutumin Kano da tsibirin da ke can ƙuryar arewacin Tekun Atlantika. To su ma iska ta daɗe tana kwashe musu ƙasa, har suka kafa hukumar yaƙi da zaizaya tun 1907. Na tashi daga Kano zuwa Abuja, jirgin dare ya kai mu Frankfurt ta Jamus, daga nan wani ya ɗauke mu tafiyar awa uku da rabi zuwa Keflavik. A Frankfurt ɗin na haɗu da abokin tafiyata, wani dattijo ma'aikacin gandun daji daga Nijar, haifaffen Damagaram, wanda ya yi shekaru yana aiki a Agadas. Ina ce masa Alhaji, yana ce mini Malam, kuma kafin mu sauka mun zama kamar mun daɗe da sanin juna.

Farkon watan Maris ne. Daga filin jirgi zuwa Reykjavik, babban birnin ƙasar, kilomita 50 ne ko kusa da haka, kuma duk tsawon hanyar babu itace ko ɗaya da za ka ce ga inuwa. Baƙin dutse ne na aman wuta, dama da hagu, dusar ƙanƙara ta cike ramukansa. A wani gidan mai a bakin gari na fara ganin abin da ya zama labarin wannan tafiya. Hilux ce, irin wadda muka sani, amma tayoyinta sun kai ƙugun mutumin da ke zuba mata mai, faɗinsu kuma ya fi taku guda. Alhaji ya manna fuska a gilashin bas yana kallo har muka wuce. Ya juyo ya ce, “Malam, wannan ba ta kwalliya ba ce. Mai motar nan yana da inda yake zuwa.”

Masaukinmu wani ƙaramin gidan baƙi ne kusa da tsakiyar gari. Ɗaki ɗan mitsitsi, gado ɗaya, banɗaki na haɗaka, amma krona 16,000 a dare, wato sama da dala ɗari. A bakin ƙofa ake cire takalmi kamar yadda muke yi a gida, abin da ya kwantar mini da hankali tun ranar farko. Ruwan zafi daga ƙarƙashin ƙasa yake zuwa, yana ɗan warin farar wuta, kuma shi ne ke ɗumama gidajen birnin. Ruwan sanyi kuwa daga famfo ake sha, ban taɓa shan mai daɗinsa ba, kuma shi kaɗai ne abin da na samu kyauta a wuraren cin abinci. A lokacin kwanon miya da burodi krona 2,500 ne. Lita ɗaya ta man fetur ma a wancan lokacin ta haura krona 300, fiye da dala biyu. Mun tsaya a kan kifi saboda maganar yanka, kuma ba mu yi asara ba, don kifinsu sabo ne. Ranar Juma'a muka yi salla a wani masallaci da ke saman wani benen ofisoshi a titin Armuli, sahu ɗaya da Larabawa da mutanen Balkan da 'yan Afirka ta Yamma.

A wajen taron, Alhaji ya dami wata ma'aikaciya da tambaya kan motocin nan, har ta yi dariya ta ce ƙaninta yana da gareji, aikinsa ke nan. Ta buga masa waya a gabanmu. Da yamma ta ɗauke mu da motarta ta kai mu, ba ta karɓi ko kuɗin mai ba. Mutanen ƙasar nan ba su da doguwar gaisuwa. Ba mai tambayar ka gida da iyali da gajiya, kuma kowa da sunansa na yanka ake kiran sa, babba da yaro. Da farko sai ka ɗauka sanyin hali ne. Amma muna shiga mai garejin ya ajiye abin da ke hannunsa, ya zuba mana kofi, ya buɗe ledar busasshen kifi ya nuna mana yadda ake shafa masa man shanu a ci, sannan ya ba mu yammacinsa gaba ɗaya.

Akwai wata Land Cruiser a ɗage, an cire mata tayoyi, ana tsakiyar aiki. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne an yanke jikinta. Sabuwar mota fil, amma an sa injin yanka an faɗaɗa ramukan tayoyinta huɗu, an cinye wani ɓangare na ƙarfen da ke bayan tayar gaba, an yi walda an shafe da maganin tsatsa. Na ce masa a wajenmu wanda zai sa manyan tayoyi ɗaga motar yake yi, ya ƙara sifirin ko ya sa wani ƙarfe a tsakani, har tayar ta samu wuri. Ya ce su ma suna ɗagawa, amma kaɗan, gwargwadon larura. “Duk incin da ka ɗaga mota,” in ji shi, “ka matsar da nauyinta sama ne. A kan gangara ko a kwana za ta tuna maka.” Shi ya sa suka gwammace su yanke jiki su matsar da aksil ɗin baya ɗan baya, wani lokaci na gaba ma ɗan gaba, su samar wa tayar wuri ba tare da motar ta yi tsayin da zai kifar da ita ba. Daga baya sai a rufe da faffaɗan murfin taya na roba mai ƙarfi, don kada ta riƙa watsa wa na baya tsakuwa.

Sai ya durƙusa ya nuna mana wani abu da duk mai sha'awar wannan aiki ya kamata ya gani da idonsa. A motar da ke da aksil na sanda guda, wurin da ya fi kusa da ƙasa shi ne tulun giyar da ke tsakiyarsa. Ka ɗaga bodi yadda ka ga dama, wannan tulun yana nan inda yake, don a kan tayoyi yake zaune. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi, ita ma da rabin abin da ka ƙara. In ka cire mai inci 31 ka sa mai inci 38, ka ƙara inci bakwai a tsayin taya, amma inci uku da rabi ne tulun ya samu. Ɗaga mota wuri kawai yake samarwa.

Tayar da za a sa tana jingine a bango, an rubuta a gefenta 38x15.50R15. Tsayinta inci 38, faɗinta 15 da rabi, rim ɗinta kuma inci 15 kacal. Na gwada ɗaga ta tare da rim ɗin, nauyin ya kusa kilo 50. Na tsaya a kan ƙanƙantar rim ɗin, domin samarinmu a Kano da Abuja akasin haka suke yi: ƙaton rim mai ƙyalli na inci 20 ko 22, da 'yar siririyar roba a kewaye, wadda ramin farko a hanyar ƙauye zai tsaga. Su kuwa a nan roba suke so ta yi yawa, ƙarfe ya yi kaɗan, muddin birki zai samu wurin zama a ciki. Doguwar roba ita ce ke iya lanƙwasa ta baje. Rim ɗin kuma mai faɗi ne, inci 12 zuwa 14, an yi shi yadda zai turo tayar waje don kada ta goga da shasi in an murɗa sitiyari. Wannan turowar ma da kuɗinta: boris da sandunan sitiyari suna ɗaukar wahalar da ba a ƙera su don ita ba, shi ya sa ake ƙarfafa wasu, wasu kuma a riƙa duba su a kai a kai.

Alhaji ya ce, “To ƙarfin injin fa? Wannan ƙafa ai sai ta cinye shi.”

Mai garejin ya yi murmushi, ya ce a nan ne yawancin masu yi da kansu suke faɗuwa. Babbar taya tana cin ƙasa da yawa a juyi guda, don haka kamar ka tashi mota a giya ta biyu ne kullum. Kuloci yana ƙonewa, mota tana nishi a hawa, mai yana zurarewa. Maganin shi ne a buɗe aksil gaba da baya a canza haƙoran giyar ciki. Wadda ta zo da 4.10 a kan tayar inci 31, in ta koma 38 lissafi zai kai ta kusan 5, sai a sa mata 4.88 ko 5.29. Agogon gudu ma ƙarya zai fara yi: yana nuna 80 alhali kana kan 98. Birki kuma aikinsa ya ƙaru, don tayar ta fi nauyi, ta fi tsawon hannu. Duk motar da aka yi wa irin wannan gyara a Aislan sai ta je dubawa ta musamman, an auna nauyinta, an tabbatar agogon gudunta daidai yake, kuma dole ta riƙa yawo da abin kashe gobara da akwatin taimakon gaggawa. Na tambayi kuɗi. Ya ce taya ɗaya tana kaiwa krona 100,000, aikin gaba ɗaya kuwa miliyoyi ne, kuma tayoyin ba su ne mafi tsada a ciki ba.

Wannan sana'a ta yi suna har waje. Kamfanin Arctic Trucks ya faro ne a 1990 a matsayin wani sashe na dillalin Toyota na ƙasar. Motocin Hilux da ya gyara da tayoyin inci 38 su ne shirin talabijin na Top Gear ya tuƙa a kan ƙanƙarar arewacin Kanada a 2007, wasu motocinsa kuma sun kai tsakiyar Antaktika, ƙarshen kudancin duniya. Amma mai garejin ya ce asalin abin ba na kamfani ba ne. Talakawan masu sha'awar hawa tsaunuka ne suka yi ta gwaji a garejin gidajensu, har suka kafa ƙungiyarsu ta masu jif a 1983.

Ranar Asabar muka biya kuɗin yawon kwana ɗaya zuwa Langjokull, dutsen ƙanƙara na biyu a girma a ƙasar. Krona 40,000 kowane mutum. Alhaji ya daɗe yana juya lissafin a sefa kafin ya ce, “Mu je, Malam. Ba kullum ake zuwa ba.” Motarmu tsohuwar Nissan Patrol ce a kan tayoyin inci 44, sai an taka matakala ake shiga, akwai kuma wata motar da ke biye da mu, don ba a hawa can da mota ɗaya. A kan kwalta ba ta da daɗi, gaskiya. Tayoyin suna gunji, sitiyarin yana neman bin kowane layi na hanya, direban kuma bai yarda ya yi gudu ba.

Mun bi ta Thingvellir, inda majalisarsu ta fara zama a shekara ta 930, a wani kwari da ƙasa ke tsagewa biyu. A Laugarvatn muka ci baƙin burodi mai zaƙi da ake binne tukunyarsa a cikin yashi mai zafi a bakin tafki ya kwana yana dahuwa. A Geysir muka tsaya muka ga tafasasshen ruwa yana tsartuwa sama duk bayan 'yan mintuna, sannan Gullfoss, inda kogi ke faɗowa mita 32 a hawa biyu. Wajen kilomita 120 ke nan daga Reykjavik. Nan motocin haya da bas-bas suke juyawa. Mu muka miƙe arewa a kan hanyar Kjolur, wadda ba a share ta da hunturu.

Inda kwalta ta ɓace a ƙarƙashin dusar ƙanƙara, direban ya tsaya. Akwai wasu siraran tiyo da suka sauko daga jikin motar suka shiga tsakiyar kowace taya, suna haɗe da famfon iska da ke cikin motar, don haka daga kujerarsa yake ragewa ko ƙarawa. A kan kwalta muna kan 25, a ma'aunin psi da masu facinmu ke aiki da shi. Ya sauke zuwa 12. Da muka ƙara gaba ya mayar 8. A gindin dutsen, inda dusar ta yi laushi, ya kai ta 4, ya ce mu sauko mu gani.

Na sauko, ƙafata ta nutse har gwiwa. Motar kuwa, mai fiye da tan biyu da rabi, tana zaune a sama, tayoyinta ba su shiga ƙasa da tafin hannu ba. Na durƙusa kusa da ta gaba. Cikinta ya zubo, gefenta ya yi tamoji-tamoji, wurin da take taɓa ƙasa ya miƙe ya fi kamu ɗaya tsawo. Ta baje kamar tafin raƙumi in ya taka rairayi. Nauyin motar bai canza ba, filin da ke ɗauke da shi ne ya ninka sau da yawa. A nan na gane dalilin girman. Ƙaramar taya in ka sace mata iska haka, rim zai zauna a ƙasa. Babba tana da robar da za ta kwanta, ta kuma bar saura.

Alhaji ya tsaya yana kaɗa kai. Ya ce wa direban, ina taya shi da Turanci, abin da suke yi ke nan a hanyar Agadas zuwa Dirku da Bilma. In Land Cruiser ta zo bakin rairayi mai laushi, direba zai sauko ya rage iska zuwa kilo ɗaya, wato wajen 14 a wannan ma'aunin, wani lokaci ƙasa da haka. Tayarsu 7.50-16 ce, doguwa siririya, tsayinta bai wuce inci 32 ba. In mota ta kafe a haƙa a shimfiɗa mata faranti na ƙarfe. In an fita kuma yaran mota su kama famfo. Direban ya saurara da kyau, ya yi ta tambaya: zafin rana ba ya fasa tayar? Da sassafe rairayi ya fi ɗaukar mota? Alhaji ya ce ƙwarai, kafin rana ta sassauta shi. Direban ya ce haka dusar ƙanƙara take, ta safe daban, ta yamma daban. Suka tsaya a cikin sanyin nan suna musayar sani, ni ina tsakani, kowa ya gane ɗan'uwansa a sana'a.

Hawan kansa a hankali ake yin sa. Ƙaramar giya, totur kaɗan, ba a yarda taya ta yi juyin banza, don da zarar ta juya a wuri ɗaya rami take haƙa wa kanta. Inda motar ta ƙi gaba, sai ya ja baya taku biyu, ya sake bin sawunsa, ya danne dusar, ya ƙara cin taku uku. Haka muka yi ta yi a wani hawa har na daina jin gaggawa. Idonsa yana kan na'urar da ke nuna masa sawun da aka tabbatar, domin a ƙarƙashin farin nan akwai tsagogi masu zurfi, kaurin ƙanƙarar a wasu wurare ya haura mita 500. Yana magana da ɗaya motar ta rediyo. Ya ce abu biyu yake tsoro in iska ta yi ƙasa haka: kwana mai kaifi, wadda ke iya zare tayar daga bakin rim, da gudu, wanda ke dafa gefen robar har ta lalace daga ciki. Saboda na farkon ne wasu ke amfani da rim mai zoben ƙarfe da notuna da ke danne bakin tayar, wasu kuma su yi wa rim ɗin walda su tayar masa da ɗan tudu.

A sama muka ci abincin rana a cikin mota. Direban ya san ba ma cin naman da ba mu san yankansa ba, sai ga shi ya taho mana da burodi da kyafaffen kifi da shayi a fulas, ba tare da mun roƙa ba. Da lokacin azahar ya yi, ya juya motar ta tare mana iska, ya shimfiɗa mana wani bargo a kan ƙanƙara.

Wani abu da ya burge ni a matsayina na wanda zaizaya ta kawo shi ƙasar: duk ƙarfin motocin nan, doka ta hana su sauka daga hanya, sai a kan dusar ƙanƙara da daskararriyar ƙasa. Wanda ya bar sawun taya a kan gansakuka ko yashin tsaunuka, tara mai nauyi ce a kansa, don sawun yana iya shekaru bai goge ba, ruwa kuma ya bi shi ya yi kwazazzabo. Direban ya faɗi wannan da zafi, kamar gonarsa ake magana.

A hanyar dawowa tunanina ya tafi arewacin Yobe da Jigawa, wajen Yusufari da Machina, inda motar asibiti ko ta masu rigakafi kan kafe a rairayi da tayoyi cike tam da iska 50 ko 60, ana tura ta ana zufa. Ba tayar inci 44 muke buƙata ba. Ƙasarmu ba ta nemi haka ba, man da motar za ta sha ma ya fi ƙarfinmu, kuma ƙaya da zafin kwalta ba za su bar ta ta daɗe ba. Mai inci 32 ko 33 a kan rim na 16, da gejin auna iska, da ƙaramin famfon da ke aiki da batir, da direban da ya san yaushe zai rage yaushe zai mayar, sun isa su fitar da yawancin motocin nan. Abin da ke damuna shi ne wanda ke ɗaga mota da tarin sifirin, ya cusa mata manyan tayoyi, bai taɓa giya ba, bai taɓa birki ba, sannan ya loda mata mutane da kaya har saman rufi ya hau babbar hanya. Rayukan mutane ne a kan wannan lissafin da ba a ƙarasa ba.

Kafin mu hau kwalta kusa da Gullfoss direban ya tsaya, famfon ya yi ta ƙara na wasu mintuna har tayoyin suka koma 25, ya zagaya ya taɓa gefen kowace da hannu yana jin zafinta. Mun shiga Reykjavik bayan magariba. Washegari shagunan kayan mota suna rufe, sai ranar Litinin Alhaji ya ja ni muka je wani, ya sayi geji biyu masu karanta ƙaramar iska, ɗaya nasa, ɗaya na direban ofishinsu a Agadas. Ya tsaya a kan wani famfon batir yana juya shi, ya ji farashin, ya ce wannan zai nema a kasuwar Kano in ya zo, ni kuma na yi masa alkawarin kai shi Ƙofar Ruwa. Jirginmu na Frankfurt ya tashi da asubar Talata.